Tef da sikeli za su iya faɗin wanda zai yi fice a NBA?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Masana, ga tambaya. Duk watan Mayu NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tana tara samarin da ke neman shiga gasar a birnin Chicago, a auna su tun daga tsawo har tafin hannu, a sa su tsalle da gudu, sannan a watan Yuni ƙungiyoyi 30 su yi zaɓe zagaye biyu. Shin waɗannan lambobin suna faɗin wanda zai yi fice? In suna faɗa, wanne ne a ciki ya fi amfani?

Koci Mai Usur:
Wa alaikumus salam. Ka fara raba su gida biyu, don ba nauyinsu ɗaya ba.

Akwai awon jiki: tsawo ba takalmi, nauyi, buɗin hannu (daga kan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu idan yaro ya shimfiɗa hannuwa), miƙo a tsaye (inda yatsa ya kai idan ya ɗaga hannu sama, duga-dugansa a ƙasa), da tsawo da faɗin tafin hannu. Sai gwajin motsi: tsalle daga tsaye, tsalle da gudu, gudun ƙafa 75 wato kashi uku cikin huɗu na fili, kewaya akwatin ƙarƙashin kwando (gaba da gudu, gefe da jan ƙafa, sannan da baya-baya, a sake juyowa), da ɗaga ƙarfe mai laba 185, kusan kilo 84, a kwance a kan benci, wanda aka daɗe ana yi.

Na farkon, in ban da nauyi, horo ba ya canza shi. Na biyun kuwa ana yi masa bita. Wakilan 'yan wasa suna kai su wurin masu horo na musamman makonni kafin Chicago, su haddace gwajin kansa: inda za a taka, yadda za a karya kwana. Don haka lambar da ta fito rabi ƙarfin yaro ce, rabi ingancin bitarsa. Ni a wurina awon jiki ya fi gwajin motsi gaskiya nesa ba kusa ba.

Dogon Zariya:
Koci ya faɗi gaskiya, kuma a cikin awon jikin ma buɗin hannu da miƙo su ne sarakai. Ba da kai ake tare ƙwallo ba, da hannu ne. Zoben kwando yana kan mita 3.05. Rudy Gobert a 2013 an auna buɗin hannunsa ƙafa 7 da inci 8 da rabi, wato santimita 235, miƙonsa a tsaye ƙafa 9 da inci 7, santimita 292. Saura santimita 13 ya taɓa zobe bai ɗaga dunduniya ba. Tsallensa bai kai inci 30 ba, aka bar shi har lamba ta 27 a zaɓen, wato sai da aka ɗauki mutum 26 kafin shi. Sau huɗu ya zama gwarzon mai tsaro na shekara: 2018, 2019, 2021 da 2024.

Draymond Green a 2012 tsawonsa ba takalmi bai cika ƙafa 6 da inci 6 ba, aka ce ya yi gajarta a matsayinsa, aka ɗauke shi a lamba ta 35. Amma buɗin hannunsa ya haura ƙafa 7 da inci 1, ya fi tsawonsa da santimita 19. Shi ya sa yake iya tsare dogayen tsakiya, har ya ci kyautar tsaro a 2017. Kawhi Leonard faɗin tafinsa inci 11 da kwata, buɗin hannu ƙafa 7 da inci 3, lamba ta 15 a 2011, shi ma ya zama tauraro. Duk tef ya gan su, mutane ne ba su gani ba.

Mai Alƙaluma:
Malam Dogo, ka zaɓo waɗanda suka ci, ka bar waɗanda suka faɗi a bayan labule. Bari in ɗauko maka su.

Mo Bamba a 2018 buɗin hannunsa ƙafa 7 da inci 10, ya fi na Gobert. Orlando ta ɗauke shi a lamba ta 6, ya ƙare yana yawo tsakanin ƙungiyoyi a matsayin ɗan canji. A zaɓen nan ne aka ɗauki Shai Gilgeous-Alexander a lamba ta 11 da Jalen Brunson a ta 33, dukansu suka zama taurari. Tacko Fall ɗan Senegal a 2019 buɗin hannunsa ya kusa santimita 250, miƙonsa santimita 311, wato yana tsaye hannunsa ya wuce zobe, amma ba ƙungiyar da ta zaɓe shi, kuma bai samu gindin zama a gasar ba. Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya, ƙafa 7 da inci 3, Memphis ta ɗauke shi a lamba ta 2 a 2009, ta bar James Harden da Stephen Curry, waɗanda suka zama manyan taurari.

Sai ɗaya ɓangaren: Desmond Bane buɗin hannunsa bai kai tsawonsa ba, abin da ba kasafai ake gani a NBA ba, ya zame har lamba ta 30 a 2020, ya zama ɗaya daga cikin amintattun masu jifan maki uku. In za mu yi musayar sunaye, za mu kwana ba mu gama ba.

Dogon Zariya:
To ai ban ce dogon hannu shi kaɗai yana buga ƙwallo ba. Tacko ƙafarsa ce ba ta da sauri.

Mai Alƙaluma:
Madalla, ka ga ka ƙara sharaɗi na biyu ke nan. In na kawo wani misalin za ka ƙara na uku. A nan gizo ke saƙar.

Abin da ke rikita wannan lissafi shi ne ba a auna kowa da kowa, sai waɗanda aka riga aka tace. Yaro gajere da ya isa Chicago ya isa ne don ya fi kowa iya jifa ko raba ƙwallo. Dogo kuwa sau da yawa tsawonsa ne ya kai shi, ko da hannunsa bai nuna ba. Idan ka jera su ka nemi dangantakar tsawo da nasara, sai ka ga kamar babu, wani lokaci ma ta juye. Kamar ka shiga garken raƙuma kana auna wuya, ka fito ka ce dogon wuya ba ya taimakawa wajen cin ganyen sama, don duk wanda ka auna yana kaiwa. Tsawo ya gama aikinsa tun a bakin ƙofa. A cikin ɗaki wasu abubuwa ne ke raba mutane.

Ɗan Fagge:
Yallabai, tsalle fa? Mu dai abin da muke gani a bidiyo ke nan.

Koci Mai Usur:
Ƙanena, tsalle da gudu shi ne lambar da ta fi kowace yin suna kuma ta fi kowace yaudara. Keon Johnson ya kafa tarihi a 2021 da inci 48, kusan santimita 122. An ɗauke shi a lamba ta 21, bai zama tauraro ba. Wanda ya riƙe tarihin kafin shi, Kenny Gregory, ya yi inci 45 da rabi a 2001, ba a ma zaɓe shi ba.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, yadda ake fitar da lambar: ana ɗaukar inda yaro ya taɓa a sama, a cire miƙonsa a tsaye. To in ya noƙe kafaɗa lokacin awon miƙo ya rage inci biyu, tsallensa ya ƙaru da inci biyu a takarda bai yi komai ba. Tsohuwar dabara ce. Duk lokacin da ka ga miƙon da bai dace da tsawo da buɗin hannun mutum ba, ka yi shakkar tsallen. Maganinta ka daina kallon tsalle shi kaɗai, ka kalli jimillar inda hannu ya kai.

Na biyu, lokaci. Ɗauki yara biyu. Ɗaya miƙonsa 292, tsallensa daga tsaye 64, jimilla 356. Ɗayan miƙonsa 255, tsalle 100, jimilla 355. A takarda kunnen doki ne. A fili kuwa na farkon yana can sama tun kafin ya motsa, na biyun sai ya durƙusa ya tara ƙarfi ya tashi, kafin nan ƙwallo ta wuce. Kuma in aka yaudare shi ya tashi a banza, shi ke nan. Shi ya sa masu tsaron kwando miƙo ya fi musu tsalle. Abin da na fi so a auna, wanda ba ya cikin jerin da ake bugawa, shi ne tsalle na biyu: ya sauka ya sake tashi nan take. Da shi ake cafe ƙwallon da ta dawo daga allo.

Baban Amira:
Ɗaga ƙarfe kuma kada ma a ɓata baki. Kevin Durant a 2007 ko sau ɗaya bai iya ɗaga laba 185 ba, aka yi ta dariya. Seattle ta ɗauke shi a lamba ta 2, ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a 2008, gwarzon gasar baki ɗaya a 2014. Gwajin ma yana cutar masu dogon hannu, don ƙarfen ya fi yin tafiya mai nisa kafin gwiwar hannu ta miƙe. Wato siffar da ake nema a fili ita ce ake hukuntawa a benci.

Hajiya Likita:
Sannunku da muhawara. Kun manta ɗakin da ya fi kowane tasiri a Chicago, wanda ba a buga sakamakonsa: ɗakin likitoci. Hoton gwiwa, ƙafa, baya, da gwajin zuciya.

A wannan zaɓe na 2007 Portland ta ɗauki Greg Oden a lamba ta 1. Dogo ne mai gudu da tsalle, takardarsa ba abin kushewa. Gwiwa ta ci amanarsa, wasa 105 kacal ya buga a NBA. Joel Embiid ɗan Kamaru ya samu tsagewar wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafa gab da zaɓen 2014. Wannan ƙashi jini ba ya isa tsakiyarsa sosai, shi ya sa yake jinkirin haɗewa, ga nauyin jiki sama da kilo 110 yana sauka a kansa. Kaka biyu cur bai buga ba, sai daga baya ya zama gwarzon gasar a 2023. Yao Ming karayar ƙafa ce ta sa ya yi ritaya a 2011 yana ɗan shekara 30. Ma'ana jikin da ke ba da maki mai yawa a tef shi ne kuma yake ɗauke da haɗari mai yawa a ƙashi.

Amma hoton ma ba hukunci ba ne. An gano DeJuan Blair ba shi da babbar jijiyar nan ta cikin gwiwa a ƙafafunsa biyu, ya zame har lamba ta 37 a 2009, kuma ya buga wa San Antonio shekaru.

Sai wani abu da ya shafi masu horar da yara a ko'ina. Isaiah Austin, kwanaki kaɗan kafin zaɓen 2014, gwaji ya nuna yana da ciwon Marfan, wanda ke raunana babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Cikin alamunsa akwai buɗin hannu da ya wuce tsawo da fiye da kashi 5 cikin ɗari, dogayen yatsu sirara, ƙirji da ya lotsa ko ya turo, da matsalar ido. Yawancin masu dogon hannu lafiyarsu lau, amma in alamun suka taru a yaro ɗaya, a kai shi hoton zuciya kafin a ɗora masa horo mai tsanani.

Dogon Zariya:
Allah ya saka, Hajiya. Amma Mai Alƙaluma, in tef ba ya faɗa, tsalle ba ya faɗa, me ke faɗa? Ko sai dai a yi ƙuri'a?

Mai Alƙaluma:
Ban ce tef ba ya faɗin komai ba. Yana faɗin aikin da jiki zai iya ɗauka, musamman a tsaro: wa zai iya tsarewa, zai iya kaɗe jifa, zai iya toshe hanyar ba da ƙwallo. Ba ya faɗin iya jifa, ganin fili, ko saurin yanke shawara. Waɗannan kuwa su ke raba tauraro da ɗan benci.

Abubuwan da masu hasashen zaɓe da lissafi, irin su Kevin Pelton, suke ba nauyi su ne waɗannan. Shekaru tukuna: ɗan 19 da ya yi abin da ɗan 22 ya yi a gasa ɗaya ya fi shi makoma, don yana da sauran girma. Luka Dončić ya zama gwarzon EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, yana ɗan 19 a cikin manya, amma aka yi ta cewa ba shi da sauri, aka ɗauki mutum biyu kafin shi a 2018. Sai yawan ƙwace ƙwallo da kaɗe jifa, a lissafa bisa yawan hare-haren da aka kai, ba bisa wasa ba. Waɗannan su ne dogon hannu da saurin ƙafa da ido a haɗe, an riga an gwada su a fili, shi ya sa suka fi tef. Sai jifan kyauta, wato jifan da ake ba ɗan wasa daga layi idan an yi masa keta.

Ɗan Fagge:
Jifan kyauta kuma? Ba jifan maki uku ba?

Mai Alƙaluma:
Yi lissafin da kanka. Yaro a jami'ar Amurka yana buga wasa 30 da ɗoriya a kaka. In yana jifan maki uku sau 5 a wasa, jimilla 150 ke nan. A ce ainihin iyawarsa kashi 36 cikin ɗari ce. Da jifa 150, sa'a kaɗai tana iya kai shi 44 ko ta sauke shi 28. Wato kaka ɗaya ba ta isa ta raba gwani da mai sa'a ba. Ga kuma layin: na jami'a mita 6.75, na NBA mita 7.24 ban da kusurwa. Jifan kyauta kuwa wuri ɗaya ne, nisa ɗaya, ba mai tsaro, sai hannunka da natsuwarka. Wanda yake cin kashi 85 a nan, ko da jifansa na nesa bai yi kyau a kakar ba, akwai kyakkyawan zaton zai gyaru. Wanda yake cin 60 a nan amma 42 daga nesa, ka yi taka-tsantsan. Ka haɗa da yawan jifan da yake yi, don koci ba ya barin mara hannu ya yi ta jifa.

Koci Mai Usur:
In ƙara a kan maganar Luka. Gwajin Chicago yana auna tashi, ba ya auna tsayawa. Cibiyar P3 da ke Santa Barbara a jihar Kalifoniya tana amfani da faranti mai auna ƙarfin taku da kyamarori, kuma ta nuna James Harden, wanda tsallensa da gudunsa ba su fita daban a NBA ba, yana sahun gaba wajen taka birki. Mai tsaro yana bin ka da gudu, ka tsaya cak, shi ya wuce da taku ɗaya, ka samu sararin jifa. Gudun ƙafa 75 a miƙe ba zai taɓa nuna wannan ba. Sau nawa ne a wasa mutum yake gudun mita 23 ba ƙwallo, ba kwana, ba mai tare shi?

Nikola Jokić kuwa lamba ta 41 a 2014, gwarzon gasar sau uku: 2021, 2022, 2024. Ba gwajin motsin da zai so shi.

Baban Amira:
Ga mai son ya gwada lissafin a kwamfuta, lambobin awon suna shafin NBA tun daga kakar 2000. Sai dai akwai ramuka, a kula.

Manyan da ake sa ran ɗauka da wuri sun daɗe suna ƙin yin gwajin, don ba abin da zai ƙara musu sai dai ya rage. To gurbin da babu lamba ba haka kawai ya faru ba, mafi kyawun yaran ne suka ɓace daga jadawalinka. Sai daga 2024 sabuwar yarjejeniyar NBA da ƙungiyar 'yan wasa ta wajabta halarta ga wanda aka gayyata.

Kada ka auna nasara da yawan mintuna. Wanda aka ɗauka a lamba ta 3 ana ba shi lokaci ko yana kuskure, don an zuba kuɗi da mutunci a kansa. Sai lissafinka ya koyi ra'ayin masu zaɓe, ba iyawar yaro ba. Kada kuma ka goge waɗanda ba su taɓa buga wasa ba, su ne rabin amsar, ka ba su maki mafi ƙasa. Tsawo da buɗin hannu da miƙo kusan abu ɗaya suke faɗa, in ka zuba su tare lissafin zai rikice, ka ga ɗaya ya fito da alamar ragi ba dalili. Ka ɗauki tsawo, sannan bambancin buɗin hannu da tsawo. Ka kwatanta kowa da masu matsayinsa. Wajen gwada ingancin hasashe kuma ka raba da shekara: ka koya da tsofaffin zaɓuka, ka gwada a kan na baya-bayan nan.

Ko ka yi duk wannan, wasan kansa yana sauyawa. A kakar 2000 zuwa 2001 ƙungiya tana jifan maki uku kusan sau 14 a wasa, a 2023 zuwa 2024 kusan sau 35. Roy Hibbert, ƙafa 7 da inci 2, ya shiga wasan taurari a 2012 da 2014 saboda tsaron kwando, zuwa 2017 ba shi a gasar, don an fara jawo irinsu waje inda ƙafa ba ta kai musu.

Dogon Zariya:
Na ji duka, amma ku lura Victor Wembanyama aka ɗauka lamba ta 1 a 2023, kuma ba wanda ya yi gardama. Buɗin hannu kusan ƙafa 8. In aka ba ni yara biyu masu iya jifa iri ɗaya da hankali iri ɗaya, dogon hannun zan ɗauka, kuma ku ma shi za ku ɗauka.

Mai Alƙaluma:
In komai nasu ɗaya ne, ƙwarai. Wembanyama yana jifa daga nesa yana raba ƙwallo, kuma ya nuna hakan a babbar gasar Faransa kafin a zaɓe shi. Matsalar ita ce ƙungiyoyi suna ganin hannun, sai su ƙaddara sauran zai zo da horo. Wani lokaci yana zuwa, kamar Pascal Siakam da ya fara ƙwallon kwando a makare a Kamaru, Toronto ta ɗauke shi a lamba ta 27 a 2016 lokacin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yana jagorantarta. Sau da yawa kuma ba ya zuwa.

Ɗan Fagge:
Koci, mai horar da yara a nan gida da ba shi da na'ura, yaya zai yi awon da za a yarda da shi in ana neman tura yaro sansani irin na Giants of Africa ko makarantar NBA da ke Saly a Senegal?

Koci Mai Usur:
Tef na ƙarfe, bango miƙaƙƙe, alli da waya sun isa. Tsawo ba takalmi, dunduniya da baya a jikin bango, ka ɗora littafi mai kauri a kansa ka ja layi. Takalmi yana ƙara inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ya sa NBA ma tun 2019 ta ce ƙungiyoyi su riƙa bayar da tsawo ba takalmi. Ka riƙa yi a lokaci ɗaya, don mutum ya fi tsawo da safe da santimita ɗaya zuwa biyu. Buɗin hannu: ya jingina da bango, hannuwa daidai kafaɗa, yatsa ɗaya a kusurwar ɗaki, ka yi alama a ɗayan. Miƙo: kai da kanka ka kama gwiwar hannunsa ka miƙe ta sama, kada ka bar masa.

Tsalle: alli a yatsa, ya taɓa bango, sau uku, ka ɗauki mafi kyau. Ko ka ɗauki bidiyo mai hoto 240 a sakan, ka ƙirga lokacin da ya yi a sama, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 9.81, ka raba da 8, amsar ta fito a mita. Sakan 0.7 ya ba da santimita 60. Sai dai in ya naɗe ƙafa wajen sauka lokacin zai ƙaru, lambar ta kumbura. Gudu da agogon hannu kuwa yana fitowa ƙasa da na na'ura da kusan kashi biyu cikin goma na sakan, don haka ka rubuta cewa da hannu aka auna.

Hajiya Likita:
A ƙara da shekarun gaskiya, Koci. Awon ɗan 15 da na ɗan 19 ba ma'anarsu ɗaya ba ko da lambar ɗaya ce, kuma rage shekaru yana jawo a ɗora wa yaro tsammanin girman da ya riga ya ƙare. Hoton wuyan hannu irin wanda FIFA ke yi wa 'yan ƙasa da 17 yana nuna ko ƙashi ya rufe ne kawai, ba ya ba da ranar haihuwa. A riƙa maimaita awon duk wata shida a littafi ɗaya, har da tsawo a zaune, don ƙafafu suna riga gangar jiki tsawo. Giannis Antetokounmpo ya ƙara kusan inci biyu bayan Milwaukee ta ɗauke shi a 2013 yana ɗan 18. Yaron da yake cikin shekarar saurin tsawo kuma a rage masa yawan tsalle a kan siminti, lokacin ne ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa da na dunduniya suka fi kama su.